Tsohon keken pista in ya faɗo hannunka a Maradi, nawa ne kuɗinshi?

Cikin kayan okaziyo da ke zo mana daga Turai, waɗanda da can ta Kwatano suke biyowa, yanzu kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 sai sun zagayo ta Lome, wani lokaci in anka sauke kekuna sai ka ga guda ɗaya ya fita daban, siriri, ba nauyi, ba birki ko ɗaya, ba giya, ba kariyar ɗaukar kaya, ƙahon ya lanƙwashe ƙasa, kuma in ka tura shi feda na ta juyawa ba ta tsayawa. Yawancin masu saye kallo ɗaya suke mishi su wuce, wasu ma su ce ai lalatacce ne firwil ɗin ya ci. Ba lalacewa ya yi ba, haka anka ƙera shi. Shi ake kira keken pista, keken tsere ne na cikin fili, irin filin nan mai zagaye da gefenshi ya tashi sama, wanda na gasar duniya tsawonshi mita 250 ne, kuma a can ba a yarda da birki ba don in na gaba ya taka birki duk na baya sun zube a kanshi. Pinyon baya, wato ɗan ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke ja, a ɗaure yake da taya, taya ta juya feda ta juya, in kana son rage gudu da ƙafarka za ka danne. Mu nan ba mu da irin wanga fili, wanda anka sani a kusa shi ne na babban filin wasa na Abuja da anka gina don wasannin Afirka na 2003.

To tambayar da ke biyo baya kullum ita ce nawa zai yi. Ni dai a ganina wanga keke kuɗi biyu gare shi, akwai na bakin kasuwar Maradi akwai na Turai ko Japan ko Amurka, kuma tsakaninsu nisa ne mai yawa, sannan wanda zai shiga aljihunka da gaske ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, yana wani wuri a tsakiya gwargwadon mai sayen da hannunka zai iya kaiwa gare shi. Abin kamar fatar jar akuyarmu ne, tun zamanin ayari ana ɗaukarta a ƙetare sahara da ita a sayar wa Turawa da sunan fatar Maroko da tsada, amma mai akuyar da ya fiɗe ta a ƙauye kuɗin ƙauye anka biya shi, ribar tana wurin wanda ya san hanya kuma ya iya biyan kuɗin hanyar.

Kuɗin Maradi ba shi da wuyar ganewa, ƙasa yake, kuma masu tayawa ba zalunci suke yi ba. Wanda ya zo sayen keke a nan ko ɗan lakwal ne ko mai zuwa gona ta wajen Tibiri ko Jiratawa ko mai ɗaukar jarka, abin da yake nema kariya mai ƙarfi da taya mai faɗi da za ta shiga rairayi ta fita, kai kuma ka kawo mishi abin da tayarshi ba ta wuce kaurin babban yatsa ba, ƙaya ɗaya ta gama da ita. Sannan da yawa daga tsofaffin ba su da shambur daban, taya ce ɗinkakkiya da shambur ɗin a cikinta ana manna ta da gam a kan janti, mai faci na bakin hanya bai da yadda zai yi da ita. Ko da jantin na taya ta yau da kullum ne, girmanshi milimita 622 ne, ita kuwa tayar Phoenix da Raleigh da ta cika shaguna 635 ce, ba ta hawa, ta keken dutse kuma 559. Har bakin iskar ma siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi. Saboda haka in dillali ya ce maka Alhaji jika 25 ko 30, ka ce albarka, ya ce to wa zai saya, gaskiyarshi ya faɗa a ma'aunin kasuwarshi. Kai dai kar ka ɗauka wannan ne ma'auni ɗaya tilo.

Kafin a fara mafarkin yuro, a tabbatar tukuna keken pista ne na asali, don rabin waɗanda ake kira haka ba su ba ne. Wajen 2005 zuwa 2010 anka yi wani yayi a biranen Amurka da Turai da Japan, samari sunka koma hawan keke mai pinyo a ɗaure cikin gari, to a lokacin duk wanda ya samu tsohon keken hanya sai ya cire giya ya cire birki ya ɗaura pinyo ɗaya ya fesa fenti mai haske, kamfanoni kuma sunka cika kasuwa da sababbi masu arha na ƙarfen banza. Waɗannan su ne yanzu anka gaji da su suke biyo kwantena. Wurin da ake ganewa shi ne ƙarshen kadar, wato gangar jikin keken, inda tayar baya ke shiga. A na pista bakin ramin baya yake kallo, a miƙe, ta baya ake zaro taya. A keken hanya bakin gaba yake kallo ko ƙasa, kuma sau da yawa za ka ga alamar inda anka yanke kunnen da ke riƙe giya anka goge da fayil. Faɗin tsakanin ƙafafun baya biyu milimita 120 ne a na pista, wasu tsofaffin na Japan 110, in ka auna ka ga 126 ko 130 to keken hanya ne. Duba fursh, wato ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, da ɗan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, na asali ba a huda su don birki ba, kuma jikin kadar sumul yake ba ƴan kunnuwan da wayar birki ke bi, ba ramukan ɗaura gorar ruwa. Tayar gaba kuma ta matso kusa da kadar sosai har kana jin tsoron yatsan ƙafarka zai taɓa ta. In keken ya faɗi wannan jarabawa to magana ta ƙare, kuɗin Maradi shi ne kuɗinshi, ka ɗaura mishi firwil da birki ka sayar wa ɗan makaranta.

In ya wuce, sai ƙarfen. Ana samun ƴar sitika ƙasan sirdi ko kusa da feda, Reynolds 531 na Ingila wanda tun 1935 ake yin shi, Columbus na Italiya mai hoton kurciya, Vitus na Faransa, Tange da Ishiwata da Kaisei na Japan. Amma sitika kowa na iya mannawa, kuma rana da ruwa na iya cinye ta asali, don haka na fi yarda da awon sandar sirdi. Bututu mai kyau sirara ce fatarshi, saboda haka ramin ciki ya fi faɗi, sandar da ke shiga yawanci milimita 27.2 ce, ga na Faransa masu kyau 26.4 ko 26.6 don awonsu daban ne, in ka ga 25.4 to bututu ne mai kauri irin na arha. Lambar a rubuce take jikin sandar in ka zaro ta. Sai nauyi, je ka wurin mai sikeli, na kirki dukanshi wajen kilo 8 yake, wanda ya haura 11 ka san inda ya dosa.

Yanzu kuma wa ya ƙera, nan ne kuɗi ke tsalle, kuma nan ne aka fi yin ƙarya. Kekunan nan masu daraja ba layin masana'anta ya fitar da su dubu-dubu ba, maƙeri ne ya zauna da wuta da tagulla ya haɗa bututu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa sunan ke da farashi. A Italiya akwai Cinelli na Milan, akwai Colnago wanda shi ya ƙera keken da zakaran tsere Eddy Merckx ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972, akwai De Rosa, Masi da anka sani da shagonshi na ƙarƙashin filin tseren Vigorelli a Milan, da Pogliaghi wanda ya yi suna a kan kekunan fili musamman. Ingila na da Hetchins da Mercian da Bob Jackson, Amurka na da Schwinn Paramount. Bianchi suna ne babba tun 1885, amma a kula, Bianchi Pista mai walƙiyar kurom ɗin nan da anka yi ta sayarwa lokacin yayin, ba tsoho ba ne kuma ba shi da wuyar samu, mutane da yawa suna ganin sunan su ɗauka sun tsinci dami a kala. Sitikar duk waɗannan kamfanoni ana sayar da ita a intanet, wanda ya ga dama ya manna Colnago a jikin kowane ƙarfe. Abin da ba a iya mannawa shi ne abin da anka sassaƙa cikin ƙarfen, Colnago na da alamar nan ta kulob irin ta karta a huje ko a zane a mahaɗar bututu da ƙasan kadar da kan fursh, De Rosa na da zuciya. Juya keken ka kwantar ka goge ƙasan inda feda ke ratsawa, lambar kadar ma yawanci nan take, kuma mai saye na waje zai tambaye ta tun kafin gaisuwa, don tantance shekara da kuma tsoron kayan sata.

Na Japan labarinsu daban ne kuma ina ganin su sunka fi sauƙin kimantawa. Can suna da tseren keirin da anka fara a 1948 a Kokura, tsere ne da ake zuba kuɗi a kanshi bisa dokar ƙasarsu, saboda haka hukuma ta tsaurara, duk abin da za a hau dole ya samu tambarin NJS, kadar da feda da sarƙa da ƙaho da sirdi kowanne da nashi hatimi. Maƙeran da anka amince da su ƙidayayyu ne, Nagasawa, 3Rensho, Kalavinka, Makino, Samson, sai manya irin Bridgestone da Panasonic. In ka ga haruffan nan uku a buge a ƙasan kadar to aƙalla ka san ba ƙarfen banza ba ne. Amma fa kar a ruɗe, ƴan tseren suna canza kadar akai-akai, tsofaffin suna fitowa kasuwa da yawa, don haka Bridgestone ko Panasonic na NJS ba ya kama ƙafar Nagasawa ko 3Rensho a farashi duk da hatiminsu ɗaya.

Kayan da ke jiki su ma lissafinsu daban, kuma ga wanda ke zaune Maradi wataƙila su sunka fi muhimmanci, zan zo kan dalili. Karanta bayan hannun feda da jikin cibiyar taya. Campagnolo Record Pista, Shimano Dura-Ace na jerin 7600, Suntour Superbe Pro, Sugino 75, ƙahon Nitto ko Cinelli, fedar MKS, jantin Araya ko Mavic, waɗannan duk suna da masu nema har gobe, wasu an daina yin su, kamfanin Suntour na da ma ya watse. Sarƙar pista ta fi ta keken hanya kauri, 1/8 na inci, farantin gaba kuma awon zagayen kusoshinshi milimita 144 ne. Campagnolo na taimaka wa mai son sanin shekara, a bayan hannun feda akwai lamba ɗaya, in tana cikin ɗan lu'ulu'u mai kusurwa huɗu shekarun 1970 ne, in cikin da'ira take shekarun 1980, wato 4 cikin da'ira 1984 kenan. In shekarar kaya ta yi daidai da ta kadar, alama ce keken bai sha hannu ba tun fitowarshi, kuma masu tara kayan tarihi wannan suke biya. Duba cibiyar baya da kyau, ta pista tana da haƙoran murɗi hawa biyu, babba na pinyo, ƙarami na zoben da ke kulle shi wanda ake ɗaurewa ta hagu. In waɗannan haƙora sun cinye cibiyar ta tashi aiki. In kuma babu hawa na biyun kwata-kwata, cibiyar keken hanya ce anka ɗaura wa pinyo da gam, wannan ban da rashin daraja haɗari ne, ka danne feda baya pinyo ya warware.

Sai lafiyar kadar, kuma nan nake son in daɗe don nan ne muke kashe kuɗinmu da hannunmu. Shafa yatsa ƙarƙashin bututu biyun da sunka haɗu da wuyan keke, dab da mahaɗar, in ka ji ɗan tudu ko fenti ya yi tsagu a zagaye to an taɓa yin karo da shi ta gaba, kadar ta tanƙware, farashi ya faɗi warwas ko sunan wa ke jiki. Samu zare ka ɗaura a ƙarshen ƙafar baya ta dama, ka zagayo da shi ta wuyan gaba ka dawo ka ɗaure a ta hagu, sannan ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe, in ba daidai suke ba keken ya karkace. Lotsawa a bututun sama abu ne da ake yawan gani a kekunan fili don in mutum ya faɗi ƙaho ke juyowa ya buga wurin, ƴar ƙarama tana rage kuɗi amma ba ta kashe ciniki, mai zurfi mai kaifin baki kuwa ta kashe. Gwada zaro sandar sirdi da ta ƙaho, alminiyon in ya daɗe cikin ƙarfe yana kamawa kamar an yi walda, kuma mai saye zai cire kuɗin wahalar. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, wadda ta ci rami ita ce matsala, gara mu ma iskarmu busasshiya ce, abin da ya ci shi can ya ci shi ko cikin kwantena a bakin teku.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya samu keke fentinshi ya ɗan kwarzane, sai ya kai wa mai fenti a goge shi tas a fesa ja mai ƙyalli don ya yi kyan gani, yana ganin ya ƙara mishi daraja. Wallahi ya rage. Mai sayen tsohon keke fentin asali yake nema ko da ya koɗe, da sitikar asali ko da ta yage rabi, don su ne shaidar cewa abin shi ne, in ka goge su ka goge takardar haihuwarshi, kuma sabon fenti ga wanda ya san harkar tuhuma ce, zai ce mi anka ɓoye a ƙasa. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai walda. A kai mishi a ce maigida a liƙa mana kariya a baya, ko a huda fursh a sa birki, shi kuma ya kawo wutar lantarkin da yake haɗa ƙofar gida da ita ya ɗora a kan bututun da kaurin fatarshi bai kai milimita ɗaya ba. Huda ɗaya a fursh ɗin da ba a taɓa hudawa ba ba ta komawa. Ni shawarata in ba ka tabbatar da abin da ke hannunka ba, tsumma da ɗan mai kawai, kar abin da ya wuce haka.

Abu biyu a gurguje. Girma: a auna bututun sirdi, santimita 54 zuwa 58 su sunka fi samun mai saye, ƙarami sosai ko dogo sosai sai an jira. Sai na Faransa, da yake su sunka fi zo mana, Peugeot da Gitane da Motobécane da Mercier, tsofaffinsu murɗinsu da awonsu na Faransa ne da anka daina yi, sandar ƙaho 22.0 maimakon 22.2, samun kayan canji wahala, don haka ko a Turai suna ƙasa da na Italiya mai irin ingancinsu.

To an gano ko mine ne, ina za a samo adadi? Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya buga sunan a waya ya ga wani ya sa yuro 2,000 ya ce shi kenan na yi arziki. Abin da mutum ya nema daban, abin da anka biya daban, akwai tallan da ke shekara biyu a rataye ba wanda ya taya. A eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, akwai wurin da ake zaɓar waɗanda anka riga anka sayar, nan za ka duba, ka nemo uku ko biyar masu maƙeri ɗaya da shekaru kusa da girma kusa da lafiya kusa, ka jefar da mafi tsada da mafi arha ka riƙe na tsakiya. Leboncoin na Faransa da gwanjon Yahoo na Japan suna nuna yadda masu gida ke sayarwa tsakaninsu, yawanci ƙasa da na shagunan da sunka ƙware a tsofaffin kekuna, su waɗancan sun wanke sun gyara sun ba da garanti sun biya haya, kai ba za ka samu farashinsu ba. A kuma duba kwanan wata, farashin lokacin yayi ya wuce, samarin da sunka haukace a kai a 2008 yanzu magidanta ne, manyan sunaye sun riƙe darajarsu amma na tsakiya sun sauko. Lissafin a yi shi da yuro, don sefa a ɗaure take da shi, yuro ɗaya 655.957, ba ya motsi, in ka bi ta naira ko dala kafin ka gama ciniki adadin ya canza.

Daga nan sai a fara cirewa, kuma wannan ne ɓangaren da masu mafarki ke tsallakewa. Kamfanonin aika kaya ta jirgi ba nauyin sikeli kawai suke caji ba, suna auna kwali, tsawo sau faɗi sau tsayi a raba da 5000, wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za ka biya. Kwalin keke mai santimita 140 da 75 da 20 ya zama kilo 42 kenan, alhali abin da ke ciki kilo 8 ne. Kadar kaɗai cikin kwali mai 100 da 65 da 20 kilo 26. Kafin nan ma sai ka kai shi Yamai, sama da kilomita 600 a saman bas, kana addu'a kar yaran mota su ɗora buhu a kai. In ya isa Faransa akwai harajin TVA kashi 20 cikin ɗari da kuɗin duwan, mai saye ne zai biya amma daga tayinshi zai cire, kai ka biya kenan a fakaice. Sai kamashon dandali, sai kuɗin karɓo kuɗin, sai kuma wanda ba a rubutawa, wato rashin yarda, mutum a Liyon ko Milan ya ga mai sayarwa sabo ba tarihin ciniki daga ƙasar da bai san ta ba, ko dai ya wuce ko ya taya rabi.

Mu ɗauki misali don a ga yadda yake narkewa, adadin nawa ne na kwatance kawai. A ce ka duba ka ga irinshi ana sayarwa yuro 600, wato wajen jika 394. Naka na da lotsawa ƙarama da sirdin da ba na asali ba, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, saura 450. A ce hanya da kwali da kamasho da ragin da mai saye zai nema saboda haraji sun ci 300, saura 150, jika 98 kenan, bayan wata biyu na jira da fargabar ko zai ce kaya sun iso a lanƙwashe a mayar mishi da kuɗinshi. To in wani a Yamai ya ce ga jika 90 a hannu yau, sallama ita ce daidai. Amma in keken na yuro 2,000 ne, kuɗin hanya bai canza ba, kwalin dai shi ne, ka ga abin da zai rage ya isa a sha wahala dominshi. Shi ya sa nake cewa na tsakiya-tsakiya su ne masu ruɗi, sun fi ƙarfin kasuwar Maradi amma ba su kai su biya kuɗin jirginsu ba.

Nan ne maganar kayan jiki ke dawowa. Hannun feda da faranti da cibiyoyi biyu da ƙaho duka ba su wuce ƴan kilo ba, suna shiga jakar ɗan uwa mai komawa karatu ko aiki Faransa ko Beljik, shi ya sayar can a matsayin mai gida, ba kwalin kilo 42. Sau da yawa in ka tara kuɗin kayan ɗaya-ɗaya sun fi abin da za a ba ka a keken dukanshi. Masu son kayan tarihi ba sa son jin haka, suna ganin yanka ne, kuma ina tare da su a wuri ɗaya: in kadar ta babban maƙeri ce, lafiyayya, kayan kuma nata ne na asali shekara ta yi daidai, raba su asara ce, a haɗe sunka fi tsada. Amma kadar da ta yi karo ko wadda ba a san mai ita ba, ɗauke da Campagnolo ko Dura-Ace, ban ga dalilin jinkiri ba, a kwance a sayar da kayan, kadar a ɗaura mata na kasuwa ta ƙare rayuwarta a titin Maradi. A dai samu bakaniken da ke da makullin da ya dace, don hannun feda ana zaro shi da abin zarowa na musamman, wanda ya sa guduma da kurfi ya gama da shi.

Tsakanin Maradi da Turai kuma akwai kasuwar da ake mantawa da ita. Yamai na da ƴan ƙungiyoyin hawan keke da baƙi ma'aikata, Wagadugu garin keke ne da ke da Tour du Faso tun 1987 da bakanikai da sunka san kayan tsere, Kano da Abuja da Legas na da samari masu kuɗin sha'awa, kuma Katsina na nan kusa ta Dan Isa da Jibiya. Ba za su biya farashin Milan ba, amma ba jirgi ba TVA, kuma mutum na iya aiko wani ya gani da ido. Hoto shi ke sayarwa a nan, a ɗauka da rana ta gefen sarƙa, a ɗauki ƙasan kadar da lamba, ƙarshen ƙafafun baya, kan fursh, bayan hannun feda, da duk wani tabo, kar a ɓoye tabo don wanda ya san keke in ya gano ɗaya da kanshi zai ɗauka akwai goma. In da dillali a tsakani a yanke la'adarshi tun farko, kuma in ka ga wanda jiya ya ce ba mai saye yau ya dawo da kanshi yana ƙara jika biyar-biyar ba ka neme shi ba, to ya tura hoton wani wuri an ba shi amsa, ka dakata ka bincika.

In kuma kai ne mai saye kuma hawa kake son yi cikin gari ba ajiya ba, lissafinka ya juya, sunan maƙeri bai dame ka ba, abin da za ka kashe kafin ya hau titi shi za ka cire daga tayi. Janti mai karɓar taya da shambur in nashi na gam ne, tayoyin 622 guda biyu da ɗaya ta ajiya tunda ba kowane shago ke da su ba, ƴar mahaɗar bakin famfo, pinyo mai haƙora da yawa don giyar fili ta yi nauyi ga mai tsayawa kowane shataletale, sai birki, wanda ba zan ba kowa shawarar shiga tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita ba tare da shi ba. Akwai irin wanda ake maƙalawa a fursh da maɗauri ba sai an huda ba, ƴan keirin da shi suke fita atisaye kan hanya, sai dai a nan sai an yi odarshi daga waje, kuɗinshi da na kawowa su ma a sa su cikin abin da za a cire.